Waya Ta Uku Ta Tsinke: A Ci Gaba Da Sauya Ɗaya-Ɗaya Ko A Sake Saƙa Ƙafar?

Wayar ƙafar keke ba ta cika tsinkewa a inda mutum yake zato ba. Ba sai an faɗa rami ko an yi karo ba. Sau da yawa mahayi yana tafe a kan lafiyayyar kwalta, ko ya miƙe tsaye yana taka feda a kan hawa, sai ya ji ƙas daga baya. Nan take ƙafar ta fara rawa, rim yana gogar birki sau ɗaya a kowane zagaye. A kai wa mai gyara, ya sa sabuwa, ya miƙar da ƙafar, a biya 'yan kuɗi a kama hanya. Bayan makonni kaɗan wata ta tsinke, a sake komawa. Kafin a manta da ita ta uku ta bi sahu. A daidai nan ne masu keken tsere suke rabuwa gida biyu. Wasu su ce ai waya araha ce, duk wadda ta tafi a maye gurbinta, a rabu da sauran tunda ba su yi laifin komai ba. Wasu kuma su ce a kwance ƙafar kakaf, a zubar da tsofaffin wayoyin duka, a saƙa ta da sababbi. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ba a gane wanda ya fi sai an san abin da yake tsinka wayar tun farko.

Ƙafar keke mai wayoyi ba sabon abu ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Meyer ya yi rajistar fasaharta a Faris a 1869, sannan James Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da saƙar da wayoyi suke gittawa kan juna a 1874. Har yau a kan wannan tsari ake. Sirrinsa shi ne kowace waya a ɗaure take tam tun kafin kowa ya hau keken. A ƙafar keken tsere da aka saƙa da kyau, waya guda tana jan rim da ƙarfin da ya kai kilo 100 ko ya ɗan haura. Idan wayoyin 32 ne a ƙafar gaba, sai a ga jimillar jan da ke kan wannan siririn rim ya wuce tan uku, alhali keken yana jingine a bango. Da mahayi ya hau, nauyinsa ba ya ƙara wa wayoyin sama wani jan a-zo-a-gani. Abin da ke faruwa shi ne rim yana ɗan lotsawa a inda taya ta taɓa ƙasa, sai wayoyi huɗu ko biyar da ke wurin su sassauta. Da ƙafar ta juya sun bar wurin, ɗaurinsu ya dawo. Injiniyan nan na Amurka, Jobst Brandt, wanda ya taɓa aiki a kamfanin motoci na Porsche, shi ya fayyace wannan dalla-dalla a littafinsa The Bicycle Wheel da ya fito a 1981, kuma masu saƙar ƙafa har yanzu suna dogaro da bayaninsa.

To, sau nawa waya take sassautawa ta sake ɗaurewa? Kewayen tayar keken tsere kusan mita 2.1 ne, wato ƙafar tana juyawa kimanin sau 475 a kowace kilomita. Wanda ya yi tafiyar kilomita 50 ya sa kowace waya ta saki ta kama sama da sau 23,000. Mai yin kilomita 5,000 a shekara ya haura sau miliyan biyu. Waya mai kaurin milimita 2 tana iya ɗaukar jan da ya wuce kilo 250 a lokaci guda ba ta tsinke ba, saboda haka ba nauyi ne yake kashe ta farat ɗaya ba. Gajiyar ƙarfe ce. Kowa ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya da hannu har ta rabe biyu ya san yadda abin yake. Wata 'yar tsaga da ido ba ya gani tana farawa a wurin da ƙarfen ya fi shan wahala, galibi a gwiwar wayar inda ta lanƙwashe ta shiga leɓen cibiya, ko a farkon zare inda noti yake kamawa. Tsagar tana ci a hankali, zagaye bayan zagaye, har ragowar ƙarfen ya kasa riƙewa. Ƙarar da mahayi ya ji yau ƙarshen aikin watanni ne.

Wannan bayani shi ne ginshiƙin hujjar masu cewa a sake saƙa. Wayoyin ƙafa guda rana ɗaya aka sa su, daga ƙunshi ɗaya suka fito, hannu ɗaya ko inji ɗaya ya ɗaure su, kuma adadin zagayen da suka yi ɗaya ne. Idan gajiya ce ta tsinka ta farko, babu dalilin zaton sauran lafiyarsu ƙalau. Ta fi su rauni ne kawai ta riga su. Sabuwar da aka sa a gurbinta za ta daɗe, amma ba ta rage wa 'yan uwanta ko zagaye ɗaya daga shekarunsu ba.

Duk da haka ba adalci ba ne a yi watsi da sauya ɗaya-ɗaya, domin akwai inda ita ce daidai. Waya takan tsinke ba don gajiya ba. Sanda ta shiga tsakanin wayoyi, ko fedar wani keken ta sarƙafe su a wurin ajiya, ko an jefa keken a bayan mota an danne ƙafar da kaya. A irin wannan hali an san mai laifi, an ga waɗanda abin ya shafa, sauran kuwa babu abin da ya same su. Kwance ƙafa gaba ɗaya saboda waya ɗaya da sanda ta karya ɓarnar kuɗi ce kurum. Haka nan sabuwar ƙafa da ta tsinka waya ɗaya a farkon rayuwarta, tana iya yiwuwa wayar ce ta zo da aibu daga masana'anta. A sauya ta, a duba ɗaurin sauran, a sa ido.

Akwai wani sanadi da ya faɗo tsakiyar shawarwarin biyu, kuma ya yawaita ƙwarai a kekunan tsere. Idan na'urar canja giya ta baya ba ta saitu ba, ko abin da ke riƙe da ita ya lanƙwashe bayan faɗuwa, sarƙa takan tsallake babban faifan giya ta faɗa tsakaninsa da wayoyi. Mahayi ya tsaya, ya zaro ta, ya ci gaba da tafiya yana ganin ya tsira. Alhali sarƙar ta riga ta karce wayoyin da ke waje a wannan gefe, dab da gwiwa, kuma kowane karce mafarin tsaga ne. Wurin a ɓoye yake a bayan firiwil, ba a ganinsa sai an cire. Watanni bayan haka sai wayoyin su fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk a gefen sarƙa, duk kusa da cibiya. A ƙafa mai wayoyi 32, takwas ne suke wannan layi na waje. Maganin shi ne a sauya takwas ɗin a zama guda, a saita sukurun da ke hana na'urar wuce iyaka. Wannan ya fi sauya ɗaya, bai kuma kai sake saƙa ba, kuma in dai karcen ne kaɗai matsalar, an gama.

Ko sauya waya ɗayar ma tana da ƙa'ida. Dole tsawon ya yi daidai, kuskuren da ya wuce milimita ɗaya ko biyu matsala ne. Doguwa tana ƙure zare kafin ta ɗauru, har ta huda tef ɗin rim ta fasa tib. Gajera kuwa ba ta kai kan noti ba, sai notin ya ɓalle daga wuya. A ƙafar baya ma wayoyin dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba, na gefen sarƙa sun ɗan fi gajarta. Sannan sabuwar ta bi hanyar da tsohuwar ta bi, ta bi bayan wadda za ta bi baya, ta haye wadda za ta haye, kanta ya fuskanci inda ya kamata. Mai gyaran da ba shi da abin kwance firiwil yakan murɗe wayar ya cusa ta da ƙarfi ta bayan faifan giya, ta shiga a lanƙwashe. Irin wannan tun ranar da aka sa ta aka fara lissafin mutuwarta.

Babban aibin sauya ɗaya-ɗaya yana cikin abin da ake yi bayan an sa sabuwar. Da waya ta tsinke, rim yana gocewa zuwa ɗaya gefen, kuma idan an ci gaba da hawa a haka har gida, maƙwabtanta sun ɗauki aikin da ba nasu ba, rim ɗin ma wani lokaci ya ɗan riƙe lanƙwasar. Mai gyara yana so ya ga ƙafar ta miƙe a ido, don haka sai ya matse nan, ya sassauta can, har rawar ta ɓace. Ƙafar ta miƙe, amma ɗaurin ya hargitse: wata waya kamar za ta tsage rim, ta kusa da ita kuwa sako-sako. A maimaita haka sau uku ko huɗu, kowane zuwa ana ƙara dagula abin da aka tarar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wayar da ta yi sako-sako ita ce ta gaba a layi, domin duk sanda ta iso ƙasa ɗaurinta yana ƙarewa gaba ɗaya, gwiwarta ta motsa a cikin rami, notinta ya ɗan warware, ta sake sassautawa.

Mai karatu zai iya cewa, ai mun taso muna ganin ana sauya wayar keke ɗaya-ɗaya shekara da shekaru, keken yana ɗaukar buhun hatsi zuwa kasuwa, bai kuma ce uffan ba. Gaskiya ne, amma wancan keke daban. Irin su Raleigh da Phoenix da Hero rim ɗinsu na ƙarfe ne mai nauyi, wayoyinsu suna da yawa, tsofaffin kekunan Ingila ma 32 suke da su a gaba, 40 a baya. Giyarsu ɗaya ce, saboda haka wayoyin dama da na hagu kusan jansu ɗaya. In ɗaya ta tafi, saura 31 ko 39 su rufa mata asiri. Keken tsere na zamani kuwa yana iya zuwa da 20 a gaba da 24 a baya, a kan rim mara nauyi na alminiyon ko na kabon. Kowace waya tana riƙe da yanki mai faɗi na rim, kuma rashin ɗaya yakan karkatar da ƙafar har ta ƙi wucewa tsakanin birki.

Ga kuma batun giya, wanda shi ne ainihin ciwon ƙafar baya. A da, keken tsere faifan giya biyar yake da su a baya, faɗin cibiya milimita 120. Aka koma shida da bakwai a faɗin 126, sannan takwas zuwa 11 a faɗin 130. Faifai sun ninka, wuri bai ƙaru sosai ba. Don a samar musu gurbi sai aka tura leɓen dama na cibiya ciki, kusa da tsakiya. Sakamakon haka wayoyin dama kusan a tsaye suke hawa zuwa rim, na hagu kuma a kishingiɗe. Kafin rim ya zauna a tsakiyar keke, dole na dama su ja da ƙarfi ƙwarai, na hagu kuma su tsaya a wajen rabin wannan ja ko sama da haka kaɗan. Idan na dama suna kilo 110 zuwa 120, na hagu suna wajen 60, babu laifi. Amma idan ƙafar ta fito daga masana'anta da ƙarancin ɗauri, na dama suna 80, to na hagu sun faɗo wajen 40, kuma mahayi mai jiki zai riƙa sassauta su har ƙarshe a kowane zagaye. Shi ya sa ake ganin abin mamaki: gefen da ba ya shan ja sosai shi ne yake tsinka waya. Sauya waya ɗaya ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, domin ba a wayar take ba, a ɗaurin ƙafar gaba ɗaya take.

Saboda haka kada a yar da guntun wayar da ta tsinke kafin a duba shi. Tsinkewa a gwiwa, bakin karayar sumul ba tare da wani karce ba, alamar gajiya ce. Karce mai sheƙi kusa da gwiwa a gefen dama aikin sarƙa ne. Tsinkewa a bakin noti tana nuna wayar ba ta shiga notin a miƙe ba, abin da ya fi faruwa a rim mai zurfi. Tsinkewa a tsakiya ba kasafai take zuwa haka kawai ba, ko dai wani abu ya buge ta, ko tsatsa ta ci ta a inda wayoyi biyu suke gogar juna. Idan kuwa noti ne ya fashe wayar tana nan lafiya, a duba ko na alminiyon ne da gumi da ruwa suka cinye. Yana da kyau a ɗaura ɗan tef a kan kowace sabuwar waya da aka sa. In wadda ta sake tsinkewa tsohuwa ce a wani wuri daban, gajiya tana zagaya ƙafar. In kuwa wuri ɗaya ne yake ta ci, a tuhumi rim ko ramin cibiyar da ke wurin.

Sake saƙa aiki ne babba. A cire taya da tib da tef da firiwil, a sassauta notuna zagaye-zagaye har ɗaurin ya sauka, a zare wayoyin duka. Gwani yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya mayar da ita, ɗan koyo kuwa sai ya wuni. Ga kuɗin wayoyi 28 ko 32 da notunansu, ga ladan hannu. A lissafin rana guda ya ninka sauya waya ɗaya sau da yawa. Amma a tara kuɗin zuwa wajen mai gyara sau biyar ko shida, da na abin hawan da ya kwaso mutum daga bayan gari, da hawan da aka fasa saboda ba a amince da keken ba, sai a ga tazarar ta ragu ƙwarai.

Amfani na farko da kwancewa take yi shi ne tana tona asirin rim. Muddin wayoyi suna riƙe da shi, karkataccen rim yana iya bayyana a miƙe. Da an sake shi aka kwantar a kan teburi mai shafaffen fuska ko a kan gilashi, sai gaskiya ta fito. Idan wani gefe ya ɗaga sama da 'yan milimita, ko an ga wurin da rami ya lotsa shi ciki, to babu gwanin da zai saƙa shi da ɗauri iri ɗaya, domin dole wasu wayoyi su yi ta fama da lanƙwasar. A duba kuma bakin ramukan noti, musamman na gefen sarƙa, ko akwai siraran tsagogi. A shafa bangon da birki yake kamawa, in ya yi kwari ya sirance, kwanansa ya ƙare. Saƙa sababbin wayoyi a kan mataccen rim asara ce biyu. Cibiya kuwa, in mai kyau ce, takan ga bayan rim biyu ko uku.

Amfani na biyu shi ne damar zaɓen waya. Yawancin ƙafafu masu araha suna zuwa da waya mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, wasu ma ba na ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne, fenti ko shafen tutiya kawai aka yi musu. Abin da masu saƙa suka fi yabawa shi ne waya mai siririn ciki: milimita 2 a gwiwa da wajen zare, 1.8 a tsakiya, kamar Competition ta kamfanin DT Swiss na Suwizalan ko Race ta kamfanin Sapim na Beljiyom. Mutum zai yi zaton mai kauri ta fi ƙarko. Ba haka ba ne. Siririn cikin yana miƙewa fiye da mai kauri idan an ɗaure shi, don haka ko rim ya lotsa a ƙasa wayar ba ta saurin yin sako-sako, kuma motsin yana ƙarewa a tsakiya inda ƙarfen yake lafiyayye, ba a gwiwa ba. Ga mai nauyi ko mai ɗaukar kaya akwai masu gwiwa mai kaurin 2.3, irin su Sapim Strong da DT Alpine III, waɗanda suke cika ramin cibiya tam. Noti kuwa na tagulla ya fi na alminiyon kwanciyar hankali. Ya ɗan fi nauyi, amma ba ya kafewa ba ya fashewa, kuma wanda keken tserensa yake shan ruwan damina ya san darajar notin da yake juyawa bayan shekara biyu. A saƙa ƙafar gitta uku, wato kowace waya ta gitta wasu uku, in wayoyin 32 ne ko 36, kuma in tsohuwar cibiya za a mayar, a bi sawun da tsofaffin wayoyi suka bari a leɓenta, kada a juya musu hanya.

Sai dai duk wannan bai isa ba, kuma a nan ne masu cewa a sake saƙa sukan yi gaggawar cin nasara. Sababbin wayoyi ba sa hana tsinkewa in hannun da ya sa su bai san abu biyu ba. Na farko, daidaita ɗauri. Wayoyin gefe guda su kasance kusa da juna a ja, ba wai ƙafar ta miƙe a ido kawai ba. Akwai ma'aunin ɗaurin waya da ake maƙalawa a karanta, kamar TM-1 na kamfanin Park Tool. Inda babu shi, kunne yana aiki: a ƙyasta kowace waya da farce, na gefe guda su ba da amo kusan ɗaya. Wadda ta yi ƙasa sosai sako-sako ce, wadda ta yi tsini ta sha matsa. Wannan gwaji kowane mai keke zai iya yinsa a tsakar gida cikin minti biyu, tun kafin ya yanke shawarar komai.

Na biyu shi ne abin da Brandt ya fi nanatawa. Lokacin da aka lanƙwasa gwiwar waya a masana'anta, da lokacin da ta kwanta a jikin leɓen cibiya, akwai takura da take saura a cikin ƙarfen. Idan aka ɗora ɗauri a kan wannan takura, gwiwar tana zama a bakin iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma a nan tsaga take samun ƙofa. Maganin shi ne bayan an kusa gama ɗauri, mai saƙa ya sa safar hannu mai kauri, ya kama wayoyi bibbiyu masu tafiya tare ya matse su da iyakar ƙarfinsa, ya zagaye ƙafar duka, sannan ya sake miƙar da ita. Wannan jan na ɗan lokaci yana sa ƙarfen gwiwar ya ɗan saki ya zauna, in an sake shi kuma takurar ta ragu. Aikin minti biyar ne, hannu yana ciwo, ido ba ya ganin bambanci, shi ya sa ake tsallake shi. Amma shi ne ya raba ƙafar da za ta yi shekaru da wadda za ta fara tsinka waya kafin taya ta cinye. Haka kuma a shafa ɗan mai a zare da mazaunin noti, a kula kada wayar ta murɗe tare da noti. Ƙafar da aka hau karon farko aka ji tana ƙyas-ƙyas, murɗaɗɗun wayoyi ne suke warwarewa, kuma za ta goce ba da jimawa ba.

Wannan ya kawo mu ga raunin sake saƙa a wurarenmu. Kekunan tsere da yawa da ke hannun matasa na gwanjo ne daga Turai, ba wanda ya san tafiyar da suka yi kafin su iso, saboda haka gajiyar waya ba baƙon abu ba ne. Amma wayar da ta cika kasuwa ta manyan kekuna ce masu ƙafa inci 28, wadda rim ɗinta milimita 635 ne, na tsere kuwa 622, ga bambancin zurfin rim da girman cibiya. Samun 32 masu tsawon da ake bukata, na ƙarfe mai kyau, yakan zama sai an yi oda. Wasu ƙafafun kamfani ma wayarsu ta daban ce, kamar Ksyrium na Mavic masu wayar alminiyon da notin da ba ya shiga wani rim, ko masu miƙaƙƙiyar waya mara gwiwa. Irin waɗannan ko guda ɗaya aka samu sai godiya. Sannan mai gyaran da ya ƙware a kan keken kasuwa ba lallai ya taɓa saƙa ƙafar da gefenta ɗaya yake ja ninkin ɗayan ba. Ba raini ba ne, aikin ne bai saba zuwa masa ba. A tambaye shi kafin a miƙa masa: yaya zai tabbatar rim ya zauna a tsakiya, kuma yana matse wayoyi bayan ɗauri? Amsarsa ta isa a gane.

Wasu sukan tsallake gardamar su sayi sabuwar ƙafa. In cibiya ta cinye, rim ya mutu, hakan ne ma ya fi. Amma ƙafa mai araha inji ne yake saƙa ta, kuma sau da yawa tana zuwa da ƙarancin ɗauri ba a kuma matse ta ba. Wanda ya ɗora ta a keke haka nan, tsugune ba ta ƙare masa ba. A kai ta a ƙara mata ɗauri, a daidaita, a matse, tun ba ta taka ƙasa ba.

Akwai kuma ƙafar da ba sauyi ba saƙa da zai cece ta, don ba a yi ta domin mahayinta ba. Kamfanoni da yawa suna rubuta iyakar nauyin mahayi da keke da kaya, galibi tsakanin kilo 100 da 130. Mutum mai kilo 95 da ke bin hanya mai ramuka da tudun rage gudu a kan ƙafar baya mai wayoyi 20 ko 24 yana neman abin da ba ta da shi. Nasa 32 ne ko 36, da rim mai ɗan nauyi, da taya mai faɗin milimita 28 ko fiye in keken zai karɓa. Ɗaga gindi daga sirdi a kan gargada ma yana rage wa ƙafar baya duka.

Idan aka auna duka, sauya ɗaya-ɗaya tana da hurumi a waya ta farko, da duk inda aka ga sanadin da ido. Ko a nan, kada a tsaya ga wayar kaɗai: a ƙyasta sauran a ji amonsu, a ƙara ɗauri in ya gaza, a matse su duka. Wannan matsar ma gwaji ce, domin wayar da ta riga ta tsage takan ƙarasa tsinkewa a hannun mai gyara, wanda ya fi ta tsinke a gangara. Ta biyu in ta tafi a gwiwa ba tare da dalili ba, a fara neman wayoyi da mai saƙa. Ta uku kuwa ta yanke hukunci: a kwance ƙafar, a gwada rim a kan teburi, in ya tsira a saƙa shi da sababbin wayoyi masu siririn ciki da notin tagulla, in bai tsira ba a sauya shi tare da su. Wanda bai sami gwanin saƙa a kusa ba, ya ci gaba da sauyi na wucin gadi, amma ya rage nisa da gudu, ya riƙa yawo da wayoyi biyu na kowane gefe da ɗan makullin noti. Idan ta tsinke a hanya, ya naɗe guntun a jikin ta kusa da ita don kada ya shiga sarƙa, ya buɗe birki, ya koma gida a hankali. In a ƙafar gaba ce mai wayoyi ƙalilan, ya sauka ya nemi abin hawa.